Jirgin Awon Ma'adinai: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Riko, Ƙasar Jibiya



Maganar da aka aiko ni da ita ta shafi ƙasar da ku ke riƙo, da abin da ke cikinta. Ba mamaki wata rana baƙo ya yi sallama a ƙofar fadar ɗayanku, riƙe da taswira mai launi iri iri, ya ce an auna ƙasarku daga jirgin sama an ga yuraniyom, saboda haka yana neman a sa masa hannu a takarda. Ku da ke bakin iyaka kun fi kowa kusa da jin irin wannan magana, domin kowa ya san Nijar ƙasar yuraniyom ce. Nufina in bayyana muku yadda a ke wannan awo, da iyakar abin da ya ke iya nunawa, da abin da doka ta tanada, don kada a yi da ku cinikin biri a sama.

Yuraniyom da toriyom

Yuraniyom ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai, da shi a ke hura tashoshin lantarki na nukiliya, da shi kuma aka yi bom ɗin da aka jefa a Hiroshima a 1945. Toriyom ɗan'uwansa ne, amma kasuwarsa kaɗan ce. A da ana sa shi cikin lagwanin fitilar aci-balbal don ta ƙara haske.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, waɗannan ma'adinai biyu suna ko'ina, sai dai ƙanƙane. In aka ɗebi tan ɗaya na duwatsun doron ƙasa, a bisa matsakaicin lissafi za a sami giram 2 zuwa 3 na yuraniyom a ciki, toriyom kuwa ya ninka haka sau 3 ko 4. Dutse mai tauri irin na tsaunukan ƙasar Katsina, wanda masana ke ce wa giranit, ya kan fi haka kaɗan. Amma dutsen da a ke haƙa a Arlit don sayarwa, kilo-kilo a ke samu cikin tan, watau ya ninka na sauran duwatsu sau ɗaruruwa. Saboda haka in mutum ya ce akwai yuraniyom a ƙasarku, bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi wani abin a zo a gani ba. Abin tambaya shi ne nawa ne cikin tan, tan nawa ne kuma a wurin.

Yadda jirgin ke awo

Waɗannan ma'adinai, tare da wani na uku mai suna fotasiyom, kullum suna fid da wani irin haske wanda ido ba ya gani, dangin wanda a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Masana na kiransa hasken gamma. A cikin jirgin akwai waɗansu manyan dunƙulen gishiri masu kama da gilashi, waɗanda aka haɗa musamman don wannan aiki. Duk sa'ad da hasken ya taso daga ƙasa ya bugi gishirin sai ya yi ɗan walƙiya, na'ura ta ƙirga. Hasken kowane ɗaya daga cikin ukun yana da nasa ƙarfi, don haka na'urar ta kan rarrabe su, kamar yadda mai kunne ke rarrabe kalangu da ganga da tambari ko bai ga makaɗan ba.

Jirgin ya kan tashi ƙasa-ƙasa, ya miƙe sak a kan layi, ya juyo ya ɗauki wani layin kusa da na fari, kamar mai huɗa da garma. Kowace daƙiƙa na'urar tana rubuta abin da ta ƙirga da wurin da jirgin ya ke. In an gama sai a zana taswira, a sa wa fotasiyom ja, toriyom kore, yuraniyom shuɗi. Ita ce taswirar da za a nuna muku.

Ku gaya wa talakawa jirgin nan ba ya harba kome, ba ya zuba kome a gona, ba ya hana ruwan sama. Karɓa kaɗai ya ke yi. A ƙasa irin ta Jibiya, inda jama'a suka sha wahalar 'yan bindiga, jirgi mai tashi dab da bisashe zai firgita mutane da dabbobi in ba a sanar da su tun da wuri ba.

An riga an auna ƙasar

Wannan aiki ba sabo ba ne. An kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya tun 1919. Tsakanin 2003 da 2010 kuwa, Gwamnatin Tarayya, da taimakon Bankin Duniya, ta sa kamfanin Fugro ya auna kusan dukan ƙasar daga sama. An yi tafiyar kusan kilomita miliyan 2 a kan layi, jirgin yana bisa ƙasa da mita 80, tsakanin layi da layi kuma mita 500. Sakamakon yana hannun Hukumar Binciken Duwatsu da Ma'adinai ta Nijeriya, mai bukata kuwa yana iya nema a can. Ashe ke nan riƙe irin wannan taswira ba ya nuna mutum ya gano wani asiri, ba ya kuma ba shi iko a kan taƙi ɗaya na gonar kowa.

Kamfanin da ya sami lasin bincike a wani fili ya kan sake nasa awon, ya matse layukan su koma mita 100 ko 200, wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu ko ƙaramin jirgi marar matuƙi.

Abin da jirgi ba ya gani

Nan ne gundarin maganar. Ƙasa tana shanye hasken gamma. Abin da ke isa jirgi daga fatar ƙasa ya ke fitowa, zurfin da bai wuce kamu ɗaya ba, watau santimita 30 zuwa 45. Abin da ke ƙarƙashin haka a rufe ya ke. Ma'adinin Akouta a Nijar yana ƙarƙashin ƙasa da kamar mita 250, babu jirgin da zai ji haskensa daga sama.

Ku dubi ƙasarku. Wuri da yawa jigawa ce, yashin da iska ta kwaso ta shimfiɗa a kan dutse. A irin wannan wuri yashin jirgi ke aunawa, dutsen yana kwance a ƙasa shiru. Inda ruwa ya kwanta, kamar madatsar ruwa ta Jibiya, ba a jin kome. Ƙasa mai laima ta kan rage ƙirga, shi ya sa a ke son awo da rani. Har wa yau, tsakanin layi da layi jirgin bai bi ba, launin da ke wurin a taswira ƙiyasi ne.

Sa'an nan akwai inda taswira ke nuna yawa alhali babu abin haƙa. Falalen dutse da ya fito fili ya kan yi haske a taswira don kawai babu ƙasar da ta rufe shi. Marmara ta kan riƙe toriyom bayan ruwa ya wanke sauran. Baƙin yashin da ke taruwa a kwanar gulbi shi ma ya kan ɗauki toriyom, amma ɗan siriri ne a sama. Shi kansa yuraniyom ba shi na'urar ke ji kai tsaye ba. Yana rikiɗa sannu a hankali ya haifi waɗansu sinadarai, hasken ɗaya daga cikin zuriyar nan tasa a ke ƙirgawa. Ruwa kuwa yana iya narkar da yuraniyom ya tafi da shi ya bar zuriyar a wurin, sai taswira ta nuna shuɗi mai gida kuwa ya daɗe da tashi.

Don haka taswira nuni ta ke yi da inda ya kamata a je a duba. Bayanta sai masana su taka da ƙafa da na'urar hannu, su ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. In samfuri ya yi kyau sai a haƙa ramuka masu zurfi da injin burtsatse, sau goma-goma ko ɗari-ɗari, kafin a san ko akwai abin da zai biya kuɗin aiki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin lura daga maƙwabta

Faransawa sun fara cin karo da yuraniyom a Azelik cikin ƙasar Agadas a 1957, suna neman jan ƙarfe. Ba a fara fid da shi don sayarwa a Arlit ba sai 1971, shekara 14 ke nan. Mahaƙar Akouta ta fara aiki a 1978, aka rufe ta a 2021 da ma'adinin ya ƙare. Imouraren kuwa, wadda ke cikin manyan wuraren yuraniyom na duniya, an gano ta a 1966, har gwamnatin Nijar ta karɓe lasin daga kamfanin Orano a 2024 ba a fara sayar da abin da ke cikinta ba. Ku tuna kuma Arlit tana arewa da Jibiya da fiye da kilomita 600. Maƙwabtaka da Nijar ba hujja ba ce.

A Nijeriya gwamnati ta kafa kamfanin neman yuraniyom a 1979, ya yi bincike a arewa maso gabas, a wurare irin su Mika da Ghumchi. Tun wajen 1950 kuma an san dutsen Riruwai a ƙasar Kano yana ɗauke da yuraniyom da toriyom. Duk da haka har yau ba a buɗe mahaƙar yuraniyom ko ɗaya a ƙasar nan ba.

Akwai kuma haɗari. Ƙurar irin wannan dutse da iskar radon da ke fita daga gare shi suna cutar da huhu in an daɗe ana shaƙa. Tarkacen yashin da aka bari bayan wankin kuza a Jos yana da toriyom, bai dace a yi gini da shi ba. Kun kuma san abin da ya auku a Zamfara a 2010, sa'ad da aka riƙa kai dutsen zinariya gida ana niƙawa, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum.

Abin da doka ta ce

Tsarin mulki na 1999 ya sa dukan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja shi ke ba da lasin. Lasin iri iri ne. Akwai iznin dubawa na shekara 1, mai shi yana iya ratsa fili ko ya bi ta sama ya ɗebi ɗan samfuri, amma ba ya haƙa. Akwai lasin bincike na shekara 3, ana iya sabuntawa, filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 200, shi ma ba iznin haƙa don sayarwa ba ne. Sa'an nan akwai lasin haƙa, ƙarami na shekara 5, babba na shekara 25. Mai son taɓa yuraniyom ko toriyom tilas ya ƙara da iznin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya.

Dokar ta ce a nemi yardar mai fili, a biya diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da aka ɓata. Ta hana aiki a cikin gari, da kasuwa, da maƙabarta, da kuma kusa da hanyar gwamnati ko madatsar ruwa da mita 50. Kafin a fara haƙa, wajibi ne kamfani ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin a kan amfanin da za su samu. Lasin Nijeriya kuwa a bakin iyaka ya ke tsayawa, haka nan na Nijar.

Abin da a ke roƙonku

Na fari, duk wanda ya zo da maganar ma'adini, malamin hakimi ya rubuta sunan kamfaninsa, da lambar lasin, da irinsa, da ranar da zai ƙare, da iyakokin filin.

Na biyu, a aika wa jami'in ma'adinai na Tarayya da ke Katsina da shugaban ƙaramar hukuma don a tabbatar, a kuma sanar da fadar Mai Martaba Sarki kafin a amsa kome.

Na uku, kada a buga hatimi a takardar yarda wadda ba a cika ba, ko wadda ba a karanta wa masu gonakin da Hausa ba. Yardar ta mai gona ce, hakimi shaida ne.

Na huɗu, in za a yi awo da jirgi, a nemi ranakun, a sa sanƙira ya yi shela a kasuwa, a gaya wa masu unguwanni da arɗaɗai.

Na biyar, a hana matasa tona ramuka saboda jita-jita, a hana kai baƙon dutse gida, a hana ƙetare iyaka da shi. Wanda ya zo yana tallar yuraniyom a kwalba ko a buhu, ko dai ɗan damfara ne ko mai ɗauke da abin cutarwa, a kai rahotonsa ga hukuma.

Na shida, a gargaɗi talakawa kada su sayar da gona saboda launin taswira. Gona tana ba da gero kowace damina, ma'adini kuwa sai an shekara goma ko fiye ana bincike, sau da yawa kuma a tashi ba a sami abin haƙa ba.

In Allah ya ajiye arziki a ƙarƙashin ƙasar nan, ba zai gudu ba don an tsaya an bi ƙa'ida, mai niyyar gaskiya kuma ba ya jin haushin tambaya. Iyakar saƙon ke nan. Wanda ke da tambaya cikinku, ina saurare. Allah ya ja zamaninku, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.