'Ya'yan Baƙi da Makarantunmu: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Iyayen ƙasa, da ku malaman hakimai, maganar da na kawo gabanku yau ita ce ta 'ya'yan baƙin da ke sauka cikin gundumominku, watau yadda za a yi su shiga makaranta, su kuma zauna cikinta.

Baƙunci ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Manya cikinku sun tuna farin 1973 da na 1984, sa'ad da Buzaye da Adarawa suka gangaro Sakkwato da Katsina da Kano da iyalansu. Waɗansu sun koma, da yawa kuwa sun zauna. Mu ma namu sun fita. A 2013 aka buɗe sansanin Minawao a ƙasar Kamaru saboda mutanen Barno da suka guje wa fitinar Boko Haram, a 2019 kuma mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara jihar Maraɗi don gudun 'yan bindiga. Wanda 'ya'yan ƙasarsa ke neman kujera a makarantar wani, bai kyautu ya rufe ƙofar tasa ba.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To, a kan babba maganar takan yi daidai, amma ba a kan yaro ba. Yaron da ya zo yana ɗan shekara 6, in iyayensa suka yi damina biyar nan, ya tashi ke nan a hannunku. In ya tashi ba karatu ba sana'a, ba ƙasar da aka haife shi za ta sha wahalarsa ba, gundumarku ce.

Doka kuwa ba ta bar wurin gardama ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati ta ba kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, shekara 9 ke nan, ta kuma tilasta wa iyaye su kai 'ya'yansu. Kowane yaro ta ce, ba ta ce sai ɗan asalin gari ba.

Abin da ya fi hana yaran nan shiga shi ne takarda. Uba ya gudo da dare, ina ya ga sukunin ɗauko takardar haihuwa? Ya je makaranta, a ce ya kawo ta, ya koma gida shiru, shi ke nan an yi hasarar yaro. Nan ne aikinku yake. Al'adarmu ce tun da can mai masauki ya kai baƙonsa gaban mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Abin da muke roƙo shi ne a ƙara tambaya ɗaya cikin gaisuwar nan: yaranka nawa, shekarunsu nawa, sun taɓa shiga makaranta? Malamin hakimi ya rubuta amsa cikin littafi, kāna ya yi wa uban takardar shaida zuwa ga hedimasta, ya aika da sunayen ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Amma fa kada a karɓi ko kwabo a kan wannan takarda, gama talakan da aka nemi kuɗi wurinsa sau ɗaya ba ya sake dawowa.

Sa'an nan akwai batun aji. Firamaren Nijar shekara 6 ce kamar tamu, sai dai sunayen azuzuwan ne dabam: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Yaron da ya ce muku ya kai CM1, ɗan aji 5 ne. Sau da yawa malami yakan yi masa tambaya da Turanci, yaro ya yi shiru domin da Faransanci aka koyar da shi, sai a ɗauka bai san kome ba, a mai da shi aji 1 cikin 'yan ƙanana. Ƙato ɗan shekara 12 ba zai jure dariyarsu ba, kafin wata ya ƙare ya gudu kasuwa dako. Ku ce wa hedimastocinku su jarraba shi da lissafi, su yi masa bayani da Hausa. In ya ja wa 7 ɗan sanda a gicciye, ba kuskure ya yi ba, haka aka koya masa. Turanci kuwa zai same shi a hankali, in an zaunar da shi kusa da yaro mai haƙuri.

Wanda ba ya jin Hausa ma, kamar ɗan Buzu ko ɗan Chadi mai Larabci, sai a nemi wani cikin danginsa da suka daɗe nan ya yi tafinta a makonnin farko. Kada kuwa a keɓe musu makaranta tasu dabam. An gwada irin wannan zama a zamanin Turawa, sa'ad da aka ajiye baƙi a Sabon Gari, 'ya'yansu suka yi karatu a makarantun mishan, 'ya'yan birni a nasu, aka girma ba a san juna ba.

Game da 'yan mata, uban da ke baƙo tsoronsa ya fi na ɗan gari. Ba takarda ke kwantar masa da hankali ba, sai ya ga liman ko mai unguwa ya tako ƙofarsa, ya ce masa 'yar tasa za ta riƙa tafiya tare da 'ya'yan mai masaukinsa. In kun fita rangadi, ku nemi a kawo muku littafin kiran suna na kowace makaranta, ku gwada shi da littafin malaminku. Sunan da ke cikin naku ba ya cikin nasu, ku tambayi dagaci inda yaron yake.