Yaro Ya Dawo Daga Ƙwallo Yana Ɗingishi

 Yau zancenmu a kan targaɗe ne, musamman irin wanda yaranmu ke kwasowa a wajen ƙwallo.

Ke da ke Unguwar Gai, ko wani ƙauye na ƙasar Rano da Kibiya, kin san da zarar an gama girbi gonaki sun zama filin wasa. Ga kunya ba ta baje ba, ga kututturen dawa, ga yara babu takalmi. Ƙafa ta faɗa rami ta gurɗe, shi ke nan. Ba ki je filin ba, amma ɗakinki za a kawo shi, sau da yawa ma maigida yana kasuwa. To, abin da kika yi masa a kwana biyun farko shi ne rabin magani.

Mu dai mun saba, kowane ciwo ruwan zafi. A dafa ruwa a gasa, a shafa man zafi, a kira wata mai ƙarfi ta ja ƙafar har sai ta yi ƙara. Don Allah a dakata. Targaɗe jijiyar da ke riƙe gaɓa ce ta miƙe fiye da kima ko ta ɗan yage, jini yana tsiyaya a ciki, shi ne kumburin da kike gani. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, kumburi ya ƙaru. Ja da murza kuwa ƙara yaga abin da ya yage ne. Masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda ake kira likitocin fisiyo, sanyi suke sawa a farko. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta, kada ta taɓa fata kai tsaye, a ɗora minti 15 zuwa 20, a sake bayan awa biyu ko uku. In babu ƙanƙara, a jiƙa tsumma da ruwan randa a riƙa sauyawa. Ya kwanta, ki tara matasai ki ɗora ƙafar ta fi ƙirjinsa tudu.

Amma fa kafin wannan, ki duba ko targaɗen ne da gaske. Ki ce ya taka. In ya kasa yin taku huɗu, ko kin danna kan ƙashin idon sawu ya yi ihu, ko ƙafar ta karkace, ko ya ce yatsunsa sun mutu, wannan sai hoton ƙashi. Yaro ba kamar babba ba ne. A bakin kowane dogon ƙashinsa akwai wuri mai taushi inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma wurin ya fi jijiya saurin karyewa. Abin da zai zama targaɗe ga ɗan shekara 30, ga ɗan shekara 10 yana iya zama karaya. In ta haɗe a karkace, ƙafa ɗaya na iya fin ɗaya tsawo har girmansa.

Sai maganar ɗori, kuma a nan nake so ki ajiye abin da ke hannunki ki saurara. Ban zo zagin maɗora ba, iyayenmu ne, kuma akwai waɗanda suka san iyakarsu suna tura mutum asibiti. Haɗarin yana wajen ɗaurin. An jera kara an tamke da tsumma, gaɓa kuma tana ci gaba da kumbura a ciki ba ta da wurin zuwa. Jini ya tsaya. Cikin awa shida ko makamancin haka tsoka ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Likitocin Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a Kano tun 1959, sun daɗe suna kokawa da yaran da ake kawo musu hannu ko ƙafa ta riga ta ruɓe, babu abin yi sai yankewa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yaro ya kasa barci, yatsu sun yi sanyi ko baƙi, fata ta yi bororo. Kada wani ya ce miki ɗorin ne ke kamawa. Ki sassauta ɗaurin nan take, a nufi Babban Asibitin Rano ko da tsakar dare ne. Shawarata, ku yi wannan magana da maigida tun ana lafiya, ya ba ki izini tun yanzu, ku san wanda za a kira da babur in ba ya nan.

In an tabbata targaɗe ne kawai, kada kuma a kwantar da shi mako biyu. Bayan kwana biyu ko uku ya fara motsa ƙafar. Yana zaune, ya riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa, kamar a allo. Da ya iya takawa, ya dafa bango ya tsaya a kan ƙafar ita kaɗai, yana ƙara lokaci kullum. Wannan ne ke hana ta sake gurɗewa. Ƙwallo kuwa sai ya iya gudu da tsalle babu ciwo. Wani mako biyu, wani har shida. Zai yi ta magiya, ki daure.

Yanzu ne ruwan ɗumi ke da amfani, kuma har ke kanki. Ciwon bayan nan na daka da wanki a sunkuye da goyo, tsoka ce ta gaji ta ɗaure, gashi da tausa a hankali suna sake ta. Ki ɗora bahon wanki a kan turmin da aka kifa, ki durƙusa da gwiwa in za ki ɗaga tulu. Haɗin ƙwayoyin gajiya da ake aiken yara su sayo a kemis, ki yi hattara da shi. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, shan su kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda, mai juna biyu kuwa kada ta sha sai likita ya ce. In ciwon yana sauka ƙafa da tsami ko mutuwar jiki, ko ya wuce mako shida, ki nemi a kai ki sashen gashin ƙashi, akwai shi a Dala da Asibitin Malam Aminu Kano. Kuma kina da damar tambaya ko akwai mace da za ta duba ki.