Kaska da Zazzaɓin Kirimiya-Kongo: Shin Irin Ƙwayar Cutar ne Ke Ƙayyade Tsananinta?



Duk wanda ya tashi a garin Kwaya ya san yadda ake yi da kaska. Makiyayi zai ɗaga wutsiyar saniya ko ya laluba hantsarta, ya cisge wadda ta sha ta ƙoshi, ya murtsuke ta da farce, ya goge jinin a gefen riga. A irin wannan jini ne ƙwayar zazzaɓin Kirimiya-Kongo kan ɓuya, musamman a jikin kaskar nan mai ƙafafu rodi-rodi da masana ke kira Hiyaloma. Dabbar ba ta nuna alamar ciwo. Mutum ne ke kwantawa: zazzaɓi, ciwon kai, sai haɓo, sai jini a dasashi. Da yawa za a ce masassarar cizon sauro ce ta yi tsanani.

An fara gane cutar a Kirimiya a 1944, aka samu ƙwayarta a Kongo a 1956, sai a 1969 aka tabbatar cuta ɗaya ce. Amma ba baƙuwarmu ba ce. Samfurin da ɗakunan bincike na duniya suka daɗe suna aiki da shi, IbAr10200, daga jikin kaska aka cire shi a Sakkwato a 1966.

Kayan gadon ƙwayar kashi uku ne, ƙarami da matsakaici da babba. Idan iri biyu suka haɗu a jikin kaska ɗaya, sukan yi musayar waɗannan kashi, wani sabon iri ya fito. Shi ya sa ake da zuriya daban-daban a Afirka da Asiya da Turai.

Ga inda tambayar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. A Turkiyya, inda ta ɓulla a 2002, mace-macen kan tsaya wajen kashi 5. A Muritaniya kuwa, a 2003, mutum 38 suka kamu, akasarinsu a Nuwakshot, sama da kashi ɗaya cikin huɗu suka rasu, kuma daga wata mata da ta yi aikin naman akuya abin ya faro, ya bazu a asibiti. A Girka an samu wani iri a 1975 wanda da wuya yake kwantar da mutum, har daga baya aka ware shi da suna na daban, Aigai. To, irin ƙwayar ne ya kawo wannan tazara?

A ganina yana da hannu, amma bai isa hujja shi kaɗai ba. Turkiyya tana gwada mutum tun zazzaɓinsa na da sauƙi, tana da jinin ƙari a ajiye. Inda ba a gwada kowa sai wanda ya fara zubar da jini, dole lissafin mamata ya hau, ko da ƙwayar iri ɗaya ce. Wannan ne ya fi damuna game da yankinmu. Shanu da raƙuma na ratsa Magariya da Dungas zuwa kasuwar Maigatari kowane mako, kowace dabba da kaskarta, balle gabanin layya. Wuri ne da iri-iri ke iya cuɗanya. Kuma ba nan abin ke tsayawa ba: ƙwayar da ta kashe wani mutum a Madrid a 2016 zuriyar Afirka ce.

Shawarata ita ce ma'aikatan kiwo su riƙa tattara kaska a mahauta da mashayar dabbobi, ana aikawa ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai. Duk mahauci ko makiyayi da ya zo likita da zazzaɓi da haɓo, a keɓe shi, a ɗebi jininsa da safar hannu, a tura cibiyar binciken lafiya ta CERMES, a kuma rubuta ranar da ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Sai an ajiye bayanin irin ƙwayar kusa da bayanin majinyacin sannan za a iya kwatantawa.