Godiya Domin Gadon da Wuta Ba Ta Ci Ba



Mun taru domin mu yi godiya, gama a 2024 shekara 100 ta cika tun da ma'aikatan mishan na SIM suka sauka Damagaram. Idan aka ce mu ƙidaya alherin Allah, bakinmu yakan yi saurin zuwa ga gini: likitar Galmi da aka buɗe a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja, da makarantar Tsibiri. Daidai ne. Amma akwai gadon da ya fi gini, wato halin nan da Manzo Bulus ya kira amfanin Ruhu cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura 5. Iyayenmu sun gan shi a hannun da ya wanke gyambon kuturu tun ba su iya karanta shi cikin Littafi ba.

An gwada gadon nan a idonmu. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, taron jama'a ya sa wuta ga majami'u da gidajen masu bi, saboda zanen da wata jarida ta buga can Faransa, jaridar da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Mun tsaya cikin toka, ga benci ya ƙone, ga Littattafai sun zama gawayi. Kada mu ɓoye muku, zuciyarmu ba ta so gafara ba a ranar. Duk da haka shugabanninmu suka tashi suka ce an gafarta, ba kuwa wanda ya ɗauki sanda. Wannan ba ƙarfinmu ba ne, domin haka ba mu da abin fahariya, sai godiya.

Amma 'yan'uwa, gafarta wa taron da ba ka san fuskarsu ba, wani lokaci ya fi sauƙi bisa ga gafarta wa ɗan'uwan da awakinsa suka cinye maka wake. Cikin yawon bishara mun iske mai bi wanda ke jan waƙa ran Lahadi, ran kasuwa kuwa tiyarsa biyu, ta saye dabam, ta sayarwa dabam. Mun ga wanda ya tara gero da kaka, ya ƙi ranta wa gwauruwa damma ɗaya sa'ad da damina ta kama, yana jiran tsada. Mu ma masu wa'azi ba mu kuɓuta ba: nawa ne cikinmu ke da taushin murya a majami'a, a gida kuwa matarsa da 'ya'yansa na ɗar-ɗar? Maƙwabcinmu Musulmi ba ya zuwa sujada, ba ya jin wa'azinmu. Tiyarmu yake dubawa, da ranar da muka ce za mu biya bashi.

Tun da mun ambaci maƙwabta, akwai bashin da ke kanmu. A kwanakin wutar nan, waɗansu Musulmi sun buɗe ƙofofinsu, suka ɓoye matanmu da yaranmu, suna sane da abin da zai iya samunsu. Akwai cikinsu waɗanda har yau ba mu koma mun ce musu an gode ba. Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya, sa'ad da kuka koma gida, ku zaɓi mutum biyu su je su gaishe su da sunan jama'a duka.