Mene Ne Aikinka?

Muna gaida ƴan makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu. Gaisuwa ta musamman ga na Sabon Gari cikin birnin Maraɗi, da na Tibirin Gobir, da na Jiratawa.

Zancenmu na yau a kan wata gajerar tambaya yake. Wata rana baƙo zai yi sallama a ƙofar gidanka, da takardar shaida rataye a wuya. Zai ce shi ma'aikacin ƙididdiga ne. Zai tambayi mutanen gida, da shekarun kowa. Daga nan sai ya ce: "Mene ne aikinka?" Kowa yana ganin wannan tambaya mai sauƙi ce. To, a nan ne aka fi yin kuskure.

Wa ya aiko shi? Ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, wadda ake kira INS. An kafa ta a 2004, cibiyarta tana Yamai. Kun san ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya. An yi ta a 1977, da 1988, da 2001, da 2012. A 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗan kai. A 2012 sun wuce miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai ta wuce miliyan 3. Amma tsakanin ƙidaya da ƙidaya akan yi wani bincike na gida-gida, kamar wanda aka yi a 2017 kan aiki da ƙananan sana'o'i. Shi wannan ba kowane gida ake shiga ba. Zaɓe ake yi. Ka ga mai sayen hatsi, ba ya zazzage buhu. Hannu ɗaya yake ɗiba ya duba, ya san buhun duka. Idan an zaɓi gidanka, kai ne wannan hannu ɗaya. Amsarka tana tsaya wa gidaje masu yawa. Kuskurenka ma haka.

Mu fara da mata, gama a kansu ne ɓarnar ta fi yawa.

A ce ga wata mata a Sabon Gari. Tun asuba ta tashi. Ta soya gyaɗa tiya biyar, an kai inji an markaɗo. Ta matse mai, ta zuba a kwalabe. Tunkuzar kuma ta mulmula ƙuli-ƙuli. Ƴarta ta ɗauka ta kai bakin kasuwa. Da kuɗin nan take zubin adashi, da shi take tara kayan ɗakin ƴarta. Sai ga ma'aikacin ƙididdiga ya zo. Maigida ne ya fito zaure. Aka ce: "Uwargida fa, wane aiki take yi?" Ya ce: "Ba ta aiki, tana gida." Aka rubuta haka. Shi ke nan, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun ɓace daga lissafin ƙasa.

Maigidan nan bai yi niyyar ƙarya ba. A wurinsa aiki shi ne na albashi, irin na malamin lakwal ko na asibiti. Amma ga masu ƙididdiga ba haka ba ne. Ƙa'idarsu ita ce: duk wanda ya yi wani abu domin samun kuɗi ko riba cikin kwana 7 da suka wuce, ko da na awa ɗaya ne, yana da aikin yi. Ba a Nijar aka ƙaga wannan ƙa'ida ba. Masanan ƙasashe ne suka shirya ta a 1982, a taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a birnin Janeba na ƙasar Suwis. Ni ma na san awa ɗaya ba ta ciyar da gida. Amma an sa ta ne don kada ƙaramar sana'a ta kuɓuce wa alƙalami. Ai bayan haka za a tambaye ka awa nawa ka yi.

Saboda haka mai fura tana da aiki. Mai kitso tana da aiki. Mai tuwon saidawa, da mai saƙar tabarma, da mai kiwon jar akuya don ta kai kasuwa, duk suna da aiki, ko da ba su taka ƙofar gida ba. Maigida, idan ba ka san yadda sana'ar iyalinka take ba, ka bari su faɗa da bakinsu. Idan ba ka son baƙo ya shiga, ana iya yin magana daga bayan labule. Ke kuma ƴar'uwa, kada kunya ta sa ki ce "ɗan abin hannu ne kawai". Ki faɗi sunan abin.

Me ya sa muka damu? Domin da waɗannan lissafai ake tsara inda za a kai bashin sana'a, da injin markaɗe, da makarantar koyon aikin hannu. Idan takarda ta nuna matan unguwa zaune suke kurum, wa zai tuna da su ranar rabo?

Tambaya ta biyu: wanne ne babban aikinka? Mutanenmu kaɗan ne masu sana'a ɗaya. Ɗauki mai garka a filin noman rani na Jiratawa. Kwana huɗu ko biyar yana ban ruwa, yana tsinkar zogala da tattasai. Ran Litinin da ran Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, yana dillancin awaki. Wataƙila dillancin ya fi kawo kuɗi. Duk da haka babban aikinsa garka ne, gama a mafi yawan bincike lokaci ake dubawa: aikin da ya fi cin awoyinka shi ne babba. Sai idan lokacin ya zo daidai ake duba wanda ya fi kawo kuɗi. Dillancin ba a yar da shi ba, yana da gurbinsa, wato aiki na biyu.

Ka kuma saurari lokacin da aka ambata a tambayar. Manomi daga ƙauyukan Tibiri ya zo cin rani, yana tura kurar ruwa a Sabon Gari. Idan an ce "cikin kwana 7 da suka wuce", amsarsa sai da ruwa. Idan an ce "cikin wata 12 da suka wuce", sai ya kawo noma, ya kawo sai da ruwa. Dukansu gaskiya ne.

Tambaya ta uku ita ce mai wuya: a wane matsayi kake aikin? Wato, kai da wa? Mu shiga shagon tela guda ɗaya mu gani. Mai shago yana da kekuna uku, yana biyan mutum biyu kowane wata. Shi ubangida ne, mai ɗaukar ma'aikata. Mutum biyun nan ma'aikata ne masu karɓar lada. Ga yaro yana koyo, ba a biyansa sai na abinci: shi ɗan koyo ne. Ga ƙanen mai shago yana guga, ba shi da albashi, tukunya ɗaya suke ci: shi mai taimakon sana'ar gida ne. A waje kuma ga wani da keke a ka, yana yawon faci, ba ya ƙarƙashin kowa, ba kowa ƙarƙashinsa: shi mai zaman kansa ne. Sana'a ɗaya, matsayi biyar. Kada ka ce "tela" kawai ka yi shiru.

A gona ma haka ne. Saurayin da ke noma gandun mahaifinsa ba ɗaya yake da ɗan ƙwadagon da ake biya da yamma ba. Ranar da ya koma gamanarsa, nan kuma mai kansa ne. Akwai waɗanda ke tsakani, kamar ɗan kabu-kabun da ke tuƙa babur ɗin wani, yana kai masa kuɗin da aka yanka kowace yamma. Ba shi da albashi, kuma babur ba nasa ba ne. Irin wannan, kada ka zaɓa wa kanka suna. Ka bayyana yadda kuka shirya: na wa ne babur, wa ke sayen mai, wa ke gyara. Ma'aikacin ya san gurbin da zai sa ka.

A 2013 an yi wani gyara a can Janeba, wanda ya shafi manoma ƙwarai. Aka raba noman da ake yi domin kasuwa da wanda ake yi domin rumbun gida. Dukansu aiki ne, amma kowanne da layinsa. Haka ɗiban ruwa, da itace, da dafa tuwon gida: aiki ne na amfanin gida, ba sana'ar kuɗi ba. Don haka idan an tambaye ka: "Hatsin da kake nomawa, na ci ne ko na saidawa?" ba bin diddigin rumbunka ake ba. Ka faɗi inda mafi yawansa yake zuwa.

Marar aiki fa? Ba duk wanda ke zaune ne ake kira haka ba. Sai wanda bai yi aikin kuɗi ba a makon, kuma ya nema, kuma a shirye yake ya kama idan ya samu. Tsohon da ya gaji, da ɗan lakwal da ke karatu kawai, nasu layin dabam ne.

Na san abin da ke ran wasu. Suna cewa: "Idan na faɗi sana'ata, gobe sai ga masu lanho da patanti." Dokar ƙididdiga ta 2004 ta ce amsarka sirri ce. Ma'aikacin ƙididdiga ba mai karɓar haraji ba ne, kuma a littafin sakamako lambobi ake bugawa, ba sunaye ba. Kana da ikon ka ce ya nuna maka takardarsa. Yanzu da ka fara karatu, ka karanta ta da kanka. Idan ranka bai kwanta ba, ka tambayi mai unguwa.

Ga aikin aji na wannan mako. Kowa ya ɗauki littafinsa ya ja layi uku. A na fari ka rubuta duk ayyukan da ka yi daga Asabar zuwa Juma'a. A na biyu ka sa awoyin kowanne. A na uku ka rubuta ko na kanka ne, ko na wani, ko na gida. Wanda ya gama nasa ya yi na mutum ɗaya a gidansu wanda bai iya rubutu ba, ya fara da uwargida. Ku kawo wa malam ya duba.

Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.