Zanen Rabe-raben Halittu: Abin da Jadawali Ke Ɓoyewa



Shahuci unguwa ce da aka sani da makarantar alƙalai da laburare tun zamanin En'e, ga kuma Kasuwar Rimi ba nisa. Saboda haka ɗalibin da ya tashi a nan yana iya cin karo da hanyoyi uku na rarraba halittu: ta littattafan Larabci, da ta boko, da ta mutanen kasuwa. Idan aka tashi kwatanta su, abin da aka saba yi shi ne a zana jadawali, a sa sunan Hausa a gida ɗaya, na Latin a gidan da ke kusa, sai ka ce kowace kalma tana da abokiyar tagwaitakarta. To, a nan gizo ke saƙa.

Kowane tsari da ma'auninsa. Jahizu, mutumin Basra, a cikin Kitabul Hayawan, ya kasa dabbobi huɗu bisa ga motsinsu: mai tafiya, da mai tashi, da mai iyo, da mai jan ciki. Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya fitar da tsarinsa a 1735, siffar jiki da ta fure ya duba. Masanan yau kuwa asali da dangantaka suke bi. Bahaushe shi ma da nasa, watau amfani da kama.

Alal misali, a ɗauki kayan miya. Tun daga 1998 masana suka haɗa kuka da rimi cikin dangi ɗaya da kuɓewa da lalo da yakuwa da auduga. Mai girki ba za ta yi mamakin kuka da kuɓewa ba, don yauƙi ya riga ya haɗa mata su. Amma za ta ƙara da karkashi, alhali kuwa karkashi ɗan'uwan riɗi ne. Har ila yau, gero da maiwa da dauro jinsi ɗaya ne a wurin masana, amma manomi ya raba su, domin lokacin nunarsu ya bambanta. Jadawali mai gida biyu ba shi da inda zai sa wannan. Sai ɗalibi ya ɗauka uwarsa ce ta yi kuskure, ko kuwa littafin ne.

Gyara na farko shi ne a rubuta ma'aunin kowane tsari a samansa da manyan baƙaƙe. Na biyu, a jera halittun a tsakiyar takarda, tsarin Hausa ta dama, na masana ta hagu, a ja layi daga kowace halitta zuwa rukuninta a kowane gefe. Inda layuka suka gitta juna, nan darasin yake, kada a ɓoye shi don zane ya yi kyau. Kada kuma a ɗora wani tsari bisa wani, domin ido yana ɗaukar na sama shi ne babba. Launi ba abin dogaro ba ne, tun da yawancin zanen a allo ko a takarda baƙi da fari zai ƙare. Layi mai kauri da mai ɗigo-ɗigo sun wadatar.

Na uku, lalle a sa shekara. Naman kaza ya daɗe cikin tsirrai, sai Whittaker ya ba shi gida nasa cikin manyan rukunai biyar a 1969, Woese kuma ya zo da rukunai uku a 1990. Ma'aikacin gandun daji da ya buɗe littafin Dalziel na 1916 kan sunayen tsirrai da Hausa zai tarar da gawo da bagaruwa da dakwara duk a ƙarƙashin Acacia. A yau gawo Faidherbia ne, bagaruwa Vachellia, dakwara Senegalia. Jerin itatuwan da aka hana sarewa, in ba shekara a kansa, yana iya jawo gardama a gaban alƙali. Sunayen Hausa uku kuwa suna nan yadda Dalziel ya same su, shi ya sa ya dace su zauna a tsakiyar zanen.

Allah ya sa a amfana. Wassalam.