Fitilar Injin Ta Kama: A Auna Kafin A Yanka



Mai girma shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai. Da sakatare ya ce in yi jawabi a kan sana'ata, na ce masa ni bakanike ne, hannuna ya fi bakina aiki. Ya ce ai ko a aji ban taɓa rasa ta cewa ba in ana gardamar ƙwallo. To, ga ni.

A zamanin da muke nan, motar da muka sani ita ce Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna. Kafireta gare ta. In silo ya ƙi zama, bakanike zai kasa kunne ya juya sukuru har injin ya daidaita. Motocin yau kuwa kwamfuta ke raba musu mai. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tsarin OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Shi ya sa in fitilar injin ta kama, ake jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari ta fitar da lamba.

Lambar da zan yi magana a kanta ita ce P0171. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa. A injin mai layin silinda biyu, kamar V6, takwararta ta ɗaya layin ita ce P0174. Injin fetur yana son awo 14.7 na iska a kan awo 1 na mai, bisa nauyi. Akwai sensa bayan matatar iska da ke auna iskar da ta shiga, akwai kuma sensar oksijin a salansa da ke duba abin da ya fito. In ta salansa ta ga oksijin ya yi yawa, kwamfuta sai ta ƙara mai. In ƙarin ya kai iyaka abin bai gyaru ba, sai ta kunna fitila.

Ga inda na taɓa jin kunya. Wani malaminmu, yana zaune a cikin ɗakin nan, ya kawo mini motarsa 'yar Kwatano tana rawa a silo, tana mutuwa a mahaɗar hanya. Na ga P0171, nan take na ce sensar oksijin ce. Ya biya daga kuɗin fanshonsa, na canza. Bayan kwana uku fitila ta dawo. Na ce famfon mai ne, ya sake biya, fitila ta sake dawowa. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Ɗana, ka auna kuwa, ko zato kake yi?" Irin tambayar da yake mana ke nan a ɗakin gwaje-gwaje. Ran nan ban iya cin abinci ba.

Washegari na zauna na karanta na'urar da kyau. Tana nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa, kashi nawa cikin ɗari. A lafiyayyen injin ƙarin ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Na malam a silo ya haura 20, amma da na taka totur allura ta kai 2,500 sai ya sauko kusa da sifiri.

Dalili kuwa a fili yake. A silo bakin totur a rufe yake, injin yana zuƙa da ƙarfi, iskar da ke bi ta sensa kaɗan ce. In akwai 'yar ɓula a bayan sensar, iskar da ke satar hanya ta nan babban kaso ce, kuma kwamfuta ba ta ƙirga ta ba. Da an taka totur, iska mai yawa ta bi ta ƙofa, ta ɓular ta zama ba a bakin komai ba. Da a ce mai ne bai isa ba, saboda famfo ya gaji ko matatar mai ta toshe, da ƙarin a kan gudu zai fi hawa. Haka ma yawanci in ƙurar hunturu ta rufe sensar iska.

Na hura hayaƙi a bututun iska da injin a kashe, sai ga shi yana fita ta ƙasan wani tiyon roba da zafi ya tsaga. Kuɗinsa bai kai ushirin abin da malam ya kashe ba. Na mayar masa da kuɗinsa, ya ce in riƙe rabi ladan darasi. Na ce ai ni aka koya wa darasin.

Saboda haka in kun ga wannan lamba, ku tambayi bakanike: ƙarin mai nawa ne a silo, nawa ne a 2,500? A duba robar da ke tsakanin sensa da totur, da ƙananan tiyo, da gaskit ɗin manifol, da tiyon sabon birki, domin in shi ne ya tsage birki ma kan yi tauri. A duba ko salansa na yoyo kafin sensa, don shi ma yana ruɗa ta. Kada ku yarda a fesa fetur a kan injin mai zafi wajen neman ɓula, gobara ce. Kada kuma a goge lamba a ce an gyara. In aka bar ta har injin ya fara tsallen wuta, tukunyar tace hayaƙi ta salansa na iya lalacewa, ita kuwa tsada gare ta.

Lamba dai alamar ciwo ce, ba ita ce ciwon ba. Malam, na gode, a yafe mini. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya bar zumunci.